Jarkar Aƙilu

Aƙilu marowaci ne, kuma bai taɓa jin kunyar a sani ba. Idan aka ce masa marowaci, gyara zama yake yi kamar an kira shi da sarauta. Ɗan wana ne, a hannuna ya girma bayan rasuwar uwarsa, saboda haka ba jita-jita nake kawowa ba. Da ya yi aure, matar wata bakwai ta yi ta tafi, domin kullum da safe sai ya kwance ƙwan fitilar ɗakinta ya tafi da shi shago, ya dawo da shi da yamma. Dangi suka ce ya je biko. Ya ce kuɗin motar wa zai biya?

Ubansa yana da shanu a wajen Kwadon, amma Aƙilu bai taɓa son kiwo ba. Ya ce saniya kullum ci take yi, rediyo kuwa sai an kunna. Ya fara da gyaran rediyo, ya koma waya, daga nan ya faɗa kwamfuta. Da na yi ritaya daga aikin buga tafireta, na riƙa yi wa mutane bugu a ɗakin ƙofar gidana a Shamaki. Idona ya gaji, na bar masa ɗakin ya yi shago. Ni kuma na sa kujera a bakin zaure, don haka kusan duk cinikin da ya yi a gabana ya yi shi.

Aiki kam ya iya, ba zan hana shi wannan ba. Yakan ɗora faifan ajiyar kwamfuta a kunne ya ce saura masa wata uku, kuma wata ukun ne. Amma inda ake ɗaura ƙusa huɗu, biyu yake ɗaurawa. Man da ake shafa wa ƙwaƙwalwar kwamfuta don kada ta yi zafi, daga matattun injuna yake kankaro shi da reza ya tara a marfin kwalba. Ya haɗa wa mutane injin wasa ya fi hamsin, shi kansa bai taɓa buga wasa ko sau ɗaya ba. Ya ce wasa yana cinye katin hoto, na'urar da ke fitar da hoton wasan a talabijin.

Sai kuma jarka. Kes, wato akwatin ƙarfen da ake zuba kayan kwamfuta a ciki, a wurin Aƙilu ɓarnar kuɗi ne. Yakan sayi jarkar man gyaɗa rawaya, ya yanke gefe ɗaya, ya huda wa fanka rami, ya jera kayan a ciki ya ɗaure da waya. Samarin unguwa sun san ta, suna kiranta jarkar Aƙilu, kuma sun yarda ta fi injunan kanti gudu.

Shekarun da ake tayar da bam a tashoshin mota sun yi wa Aƙilu daɗi, kuma da bakinsa ya faɗa. Masu shagunan intanet daga Damaturu da Potiskum da Mubi suka gudo Gombe da kayansu a buhu, suna neman na abinci. Yakan bar mutum ya tsaya a rana, ya taya kayan da wulaƙanci, ya koma bakin aikinsa har sai mutumin ya ce ya sallama. "Tsoro yana sauke farashi, Goggo," in ji shi. Ta ɗaya ɓangaren kuma gidajen kallon ƙwallo da gidajen gem, inda ake biya a buga wasan kwamfuta, sun zama abin gudu, kowa yana son nasa a ɗaki. Yana saye a hannun masu tsoro, yana sayar wa masu tsoro.

A irin wannan lokacin ne Bushra ta kawo mijinta. Bushra 'yar maƙwabciyata ce, ni na koya mata bugun tafireta tun tana sakandare. Mijin, Zaharadeen, mai saka tayil ne a sababbin gidajen Tumfure, can suke haya da 'yarsu Hikima mai shekara uku. Daga Damaturu ya zo, takardunsa duk sun ƙone a can. Mutumin kirki ne, ba ya shan komai, ba ya neman mata. Cutarsa ɗaya, ƙwallon gem. Da ya tashi daga aiki sai wani gidan gem da ke kusa da kasuwa, ɗaki ɗaya, ƙofa ɗaya, mutum talatin a ciki. Bushra ta yi faɗa ta gaji. Ranar da bam ya tashi a tasha, awa huɗu ta yi ba ta san inda yake ba. Washegari ta sayar da tumakinta biyu, ta ce za ta saya masa wasan ya buga a gida inda take ganinsa.

Aƙilu ya shimfiɗa tsohuwar jarida a kan tebur, ya tambayi abin da ke hannunsu. Bushra ta faɗa. Ya yi tsaki.

"Wannan ai kuɗin rediyo ne, Madam. Amma zauna, mu ga abin da za a yi."

Ya fara jera kaya ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga wani ɗan murabba'in ƙarfe.

"Ƙwaƙwalwa ke nan. Shekararta huɗu, daga Potiskum ta zo, ba ta da ciwo. Kada ku zuba kuɗi a nan, ƙwallo ba lissafi ba ce. Ga allon da za ta zauna a kai, ramin sauti ɗaya ya mutu, ba ruwanku da shi. Ram guda biyu, masu riƙe mata abin da take aiki a kai, ba gida ɗaya suka fito ba, amma za su zauna lafiya."

"Oga Injiniya, ba sabo ko ɗaya?" in ji Zaharadeen.

"Kai sabo ne?"

Zaharadeen ya yi dariya. Shi komai dariya yake ba shi.

Wuri ɗaya ne Aƙilu ba ya rowa, wajen na'urar da ke raba wa kayan wuta. Ya ɗauko mai nauyi ya ajiye. Ba tausayi ba ne. Ya ce idan mai arha ta ƙone, da kati take tafiya, mai kaya kuma ya dawo ya hana shi sakat.

Daga ƙarshe ya buɗe durowa ya fito da katin hoto guda biyu, kowanne a naɗe cikin tsohuwar safa. Ya ce duk sauran kayan 'yan rakiya ne, wannan ne ango. Ya jona ƙaramin a wani injin gwaji, ya kunna ƙwallo a talabijin ɗin shago. 'Yan wasan suna gudu suna tsayawa kamar masu ciwon gwiwa. Ya cire ya sa babban. Ni da nake bakin zaure sai da na miƙe na leƙa. Ana ganin ciyawa ɗaya-ɗaya, raga tana girgiza, gumi yana sheƙi a goshin mai tsaron gida. Aƙilu ya miƙa wa Zaharadeen hannun gem, abin nan da ake riƙewa ana dannawa da manyan yatsu, ya bar shi ya buga minti biyu cif, ya kashe.

"Kuɗinku hanya biyu yake da ita," in ji shi. "Ƙaramin kati da kes. Ko babban kati da jarka."

"Ƙaramin da kes," in ji Bushra.

"Maman Hikima, tsaya mana," in ji Zaharadeen.

"Ba zan sayar da tumakina in kai jarkar mai ɗakina ba. Malam Aƙilu, ga kes can har shida a saman kanta ƙura tana ci. Ka sa mana ɗaya."

"Ƙura ba ta rage musu kuɗi. Kes gudu yake ƙarawa? Gol yake ci?"

"Mutunci yake ƙarawa."

"To sayi mutunci, ki bar shi ya riƙa kallon guragu. Sati biyu zai yi ya koma gidan gem, tumaki sun tafi a banza."

Bushra ta juya ta kalli mijinta. Ya ga ya taɓa wurin, sai ya ƙara.

"Gidajen Tumfure akwai wanda aka binne wa wayar ƙasa? Babu. Kes na ƙarfe a irin gidan nan jan mutum yake yi. Yarinyarki ta zo da jiƙaƙƙen hannu ta dafa, sai dai ki ji ƙara. Roba kuwa ko lasa ta yi ba abin da zai same ta."

Wannan maganar gaskiya ce, shi ya sa ta yi aiki. Zaharadeen ya ce, "A bayan talabijin za a ajiye ta fa, wa zai gani?" Bushra ta ce to. Ɗan ragowar kuɗin kuwa, Aƙilu bai bar shi ya fita daga shagon ba. Ya ce wutar Tumfure ɗaukewa take yi ba sallama, faifai ba ya son haka, don haka zai kwashe cikin wata tsohuwar na'urar riƙe wuta, da batirinta, ya ɗaure a gindin jarkar. Ya sayar musu da hannun gem guda biyu. Bushra ta sa su a jakarta ta tafi da su a ranar. Injin kuma aka ce a dawo bayan kwana uku.

Na ga abin da ya haɗa ranar Litinin da yamma. Jarka rawaya, batiri a ɗaure a ƙasa da baƙin salatif, wayoyi ja da baƙi sun cika ciki. Tunda babu kes, babu maɓallin kunnawa, sai ya samo maɓallin ƙararrawar ƙofa ya jona da doguwar waya ta fito ta bakin jarkar.

Na ce, "Aƙilu, wannan ba shi da maraba da abin da ake nunawa a labarai."

"Bam yana da fanka, Goggo?"

"Wanda zai gani daga nesa ba fanka zai nema ba. Sa masa a kwali. Ka rubuta masa takarda, da sunan shago da lambar wayarka."

"Kwali na sayarwa ne. Takarda kuma ba na sa sunana a kanta a wannan zamanin."

Ranar Talata da hantsi Zaharadeen ya zo da Matiyu, maƙwabcinsu mai keken haya mai ƙafa uku, dattijo ɗan Kaltungo. Aƙilu ya rufa wa jarkar buhun da Zaharadeen ya zo da shi, ya ɗora masa a cinya. Darma kaɗan ya sa a wayar maɓallin, don ita ma darmar kankarowa yake yi, saboda haka ya ce, "Riƙe wannan a hannunka har gida. Idan ya yi lilo ya tsinke, gyara da kuɗi ne." Zaharadeen ya dunƙule maɓallin a hannun dama, ya ce mini, "Goggo, sai kin zo kallon wasa." Suka tafi.

Sauran labarin daga bakin Matiyu na ji, da ya dawo da azahar rigarsa a yage. A hanya ya ɗauki mata biyu. Akwai shingen bincike kafin a shiga Tumfure, inda kowa yake sauka ya wuce da ƙafa, hannu a sama. Zaharadeen ya sauko rungume da kayansa, buhun ya zame. Ɗaya daga cikin matan ta ga jarka, ta ga waya ta bi ta shiga cikin dunƙulallen hannunsa, ta kurma ihu. Masu tsaro suka juyo da bindigogi. Matiyu yana ta cewa kwamfuta ce, ba mai jinsa. Shi kuwa Zaharadeen, da yake bai taɓa tunanin wani zai ji tsoronsa ba, murmushi ya yi ya ce, "Wallahi gem ne, bari ku gani." Ya danna. Batirin Aƙilu lafiyarsa ƙalau. Fanka ta ɗauka, shuɗiyar fitila ta kama a cikin jarkar.

Mutane suka watse, wasu suka faɗa kwalbati. Da aka ga ba abin da ya fashe, sai suka dawo kansa da duka. Masu tsaro da gindin bindiga, 'yan kasuwar bakin hanya da itace da bulo. Hannun da ya danna maɓallin suka fi nema. Da ƙyar wani babba a cikin masu tsaron ya janye shi aka jefa a mota. Jarkar kuma aka kewaye ta da buhunan yashi, daga baya aka ɗauke ta da dogon ƙarfe.

Matiyu bai gama ba da labarin ba Aƙilu ya fara kwashe shago. Kafin la'asar ya loda komai a mota, har da kes shidan. Jarkokin da bai riga ya yanka ba ya tsaya ya sayar wa mai ruwa. Ya ce mini, "Ina Kwadon gidan Bappa. In an tambaya, ba ki sani ba." Bappa ƙanen ubansa ne.

Ranar Laraba na raka Bushra inda ake tsare da mijinta. Ba a bar mu mun gan shi ba. Jami'in da ya saurare mu mutum ne mai hankali, idonsa ja don gajiya. Ya ce, "Mama, ni ma a raina ina ganin kwamfuta ce. Amma ba yarona da zai sa hannu a cikin abin nan. Mutumin ba shi da katin shaida, ba shi da rasit, daga Damaturu ya zo. Ku kawo wanda ya haɗa. Ya buɗe a gabanmu, ya cire batirin da hannunsa, ya jona a talabijin mu ga ƙwallon. In ya yi haka, ni zan sa hannu a saki mutuminku. Jibi Juma'a masu kwance bam za su zo. Su ba buɗewa suke yi ba, fasawa suke yi. Daga nan maganar ta bar hannuna."

Bushra ta ba da sunan Aƙilu da kwatancen shago. Aka je aka tarar da kwaɗo a ƙofa.

Ranar Alhamis da sassafe na hau mota zuwa Kwadon. Na same shi a gindin mangwaro a bayan gidan, yana goge wani kati da tsohon buroshin haƙori. Na faɗa masa abin da jami'in ya ce, kalma da kalma.

"Aikin minti goma ne, Aƙilu."

"Minti goma na shiga. Na fita fa?"

"Mutumin ya yi alkawari."

"Alkawarinsa a bakin ƙofarsa ya tsaya. Goggo, wanda ya iya haɗa wannan, cewa za su yi ya iya haɗa wancan. Za su tambaye ni inda na samo kaya. In ce daga hannun 'yan Damaturu da Mubi waɗanda ban san sunansu ba? Yanzu mutum ɗaya ne a ciki. In na je mun zama biyu. Asara ce."

"Kai ka sa shi a ciki."

"Kati biyu na ajiye a gabansa, ke shaida ce. Shi ya zaɓa."

"Kai ka ce ya riƙe maɓallin a hannu."

"Na ce ya riƙe. Na ce ya danna?"

Na zage shi, na zagi ranar da na ɗauke shi daga kan gawar uwarsa. Bai daina goge katin ba. Da na gaji, sai ya ce abu ɗaya zai iya yi: zai faɗa mini sunan kowane abu da ke cikin jarkar da wayar da za a fara cirewa, in rubuta, amma ban da sunansa. Na rubuta a bayan takardar magani. Matar Bappa ta cusa mini ledar tattasai da albasa na gonarsu, na dawo.

Bushra tana zaune a zaurena tun safe, Hikima a cinyarta. Na ciro tsohuwar tafiretata na buga bayanin tsaf, layi goma sha ɗaya, muka koma da shi. Jami'in ya karanta har ƙarshe, ya ce, "Takarda ba ta cire batiri, Mama. Wa ya faɗa miki duk wannan?"

Na ce a bakin shagon nake zama, na gani da idona.

"Ina yake?"

Na ce ban sani ba.

Da zan ce Kwadon, da kafin magariba sun kawo shi. Wataƙila ya buɗe jarkar su fito su biyu. Wataƙila kuma lissafinsa ne daidai, su zama biyu a ciki. Ɗan wana ne, ni na yaye shi. Na auna, na zaɓi nawa. Ba na neman a ce na yi daidai.

Da muka dawo gida Bushra ta tsaya a kan ledar da na ajiye a zaure. Ta ce, "Goggo, wannan albasar Kwadon ce." Ta san can danginmu suke. Ta goya 'yarta ta fita. Tun ranar ba ta sake kirana Goggo ba, ba ta sake kirana komai ba.

Ranar Juma'a da hantsi aka kai jarkar wani fili a bayan gari aka fasa. Matiyu ya je daga baya, ya ce ba abin da ya rage sai gutsattsarin rawayar roba da fiffiken fanka ɗaya. Daga nan ba wanda zai iya cewa ga abin da ke ciki. Da Bushra ta koma ranar Litinin, aka ce an wuce da mijinta wani gari. Wane gari, ba a sani ba.

Aƙilu ya yi sati shida a Kwadon ya dawo. Ba wanda ya sake nemansa, lokacin abubuwan da suka fi wannan girma suna faruwa kowane mako. Labari kuwa ya riga ya zaga gari. Duk wanda yake da jarkar Aƙilu a ɗaki hankalinsa ya tashi, iyaye suka ce a fitar musu da ita daga gida, ga shi ba mai iya ɗaukarta ya bi titi. Sai Aƙilu ya riƙa bin gidaje da kes a kafaɗa yana sauya musu, ya ninka kuɗin sau uku. Shidan suka ƙare a kwana huɗu, ya aika Kano aka kawo ashirin. Ya ce mini bai taɓa ciniki irin na watan ba. Jarkokin da ya cire ma bai bar wa masu su ba, ya ce shara ce zai taya su zubarwa, ya kwance fankokin ya sake sayarwa.

Na ce ya aika wa Bushra ko da buhun masara. Ya ce idan ya aika, ya amsa laifi ke nan.

Bushra ta bar gidan Tumfure ta koma ɗaki ɗaya a gidan uwarta, katanga ɗaya tsakaninmu. Ta samu aikin bugu a wani shago kusa da sakatariya, da hannun da na koya mata. Kowane wata takan ɗauki hoton mijin ta bi ofisoshi. Safe da yamma tana wucewa ta gaban shagon Aƙilu, shi kuma yana ciki yana gwada kati, ihun 'yan kallon ƙwallo yana fitowa daga talabijin. Bai taɓa rage sautin ba.

Bayan wata goma sha huɗu aka saki wasu mutane da aka ce ba a same su da komai ba. Zaharadeen yana ciki. Wani wansa ya karɓe shi a gidansa a Tumfure, Bushra ta koma can. Waɗanda suka fara zuwa suka kawo labari. Ya rame, haƙoransa na gaba babu, ba ya dariya. Yatsun hannayensa sun karye tun ranar shingen, ba a ɗora ba, suka warke a karkace. Manyan yatsun biyu ba sa lanƙwasuwa sam. Kofi da tafin hannu biyu yake ɗauka. Maganar tayil ta ƙare. Idan aka kunna fanka a ɗaki, tashi yake yi ya fita waje.

Ban yi niyyar zuwa ba, don na san ba a son ganina. Matiyu ne ya zo har gida ranar Asabar da safe ya ce, "Mama, ki je. In ta kore ki, ni zan dawo da ke." Uwar Bushra da wasu mata biyu na unguwa suka ce za su bi mu. Na sa mayafi, na ɗauki sabulu da sukari.

Muna shiga keken sai ga Aƙilu ya fito daga shago da sauri, sukudireba a hannu. Na ɗauka zuwa zai yi. Har na matsa na ba shi wuri. Ya dafa ƙarfen keken, ya gaida uwar Bushra da ladabi, ya ce a yi wa Zaharadeen barka da arziki. Sannan ya rage murya.

"Goggo, Baba Matiyu, don Allah in kun je ku duba mini wani abu. Hannun gem ɗin nan guda biyu da Bushra ta tafi da su, ba a taɓa amfani da su ba, masu kyau ne, yanzu ba a samun irinsu. Na ji an ce yatsunsa ba sa aiki. Ku ce mata kada ta bar su a ɗaki zafi ya lalata robar. Ta ba ku ku taho mini da su, zan saya rabin kuɗi. Ku duba wayoyin da kyau kafin ku karɓa."